Rigar Auduga a Gindin Dutsen Tubkal

Daga shagona na bakin kasuwar Tanut,
Zuwa ƙauyen Imlil, ƙasar Maroko.

Zuwa ga Radiya, matata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, rijiyar da ban taɓa jefa guga ya fito wayam ba, gwanar mata wadda ko tafiyarta kaɗai ta isa a tsaya a kalla. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina baƙunta, yaya sanyi? Ina fata kin tashi lafiya a ƙasar nan da ban taɓa gani ba, wadda tun da kika sa ƙafa a cikinta ta zama ƙasar da na fi tunani a duniya. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa. Gidan ya yi mini girma, furar ma ta daina daɗi.

Kin san halina, ba na iya magana a waya. Da na ji muryarki sai duk abin da na shirya ya watse, in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa da safen nan na rufe keken ɗinki da zane, na samo takarda, na zauna. In na gama zan ɗauki hotonta in turo miki. Ki karanta kafin ki ɗaure kayan gobe. Roƙo ɗaya ne tak a cikinta, sauran duk yabo ne da na kasa riƙewa.

Hassana, abokiyar tafiyarki ta Damagaram, ta aiko mini da saƙon murya. Kada ki yi fushi da ita, ta yi abin da 'yar'uwa take yi. Ta ce jiya kun yi fitar gwaji, kun hau har inda itatuwa suka ƙare, sai ruwa ya same ku a hanya, ruwa mai sanyi da iska a bayansa. Ta ce rigar da na ɗinka miki ta sha ruwa ta waje, ta sha zufa ta ciki, ta yi nauyi kamar kin goyo ɗan maraƙi. Kin sauko leɓɓanki sun canja launi, haƙoranki suna haɗuwa, amma ba ki tuɓe ta ba. Ta ce jagoranku, dattijon da ya tsufa yana hawan dutsen nan, ya ɗaga rigar da hannu biyu, ya duba ɗinkin ya yaba, Allah ya saka masa, sannan ya ce ba zai hau da ke ba muddin da ita za ki hau, domin can sama ƙanƙara ce, jiƙaƙƙiyar auduga kuma tana iya kashe mutum. Ya samo miki wata irin tasu, mara nauyi, wadda ruwa ke zamewa a kanta. Ke kuwa kika dube shi kika ce, "Mijina ne ya ɗinka mini. Ko in hau da ita, ko in zauna." Gobe da safe ayari zai tashi, da ke ko ba ke.

Radiya, me zan yi da ke? Da na ji maganar nan, wallahi farko kaina ne ya kumbura. Na miƙe tsaye a cikin shago ni kaɗai, kamar an naɗa ni sarautar teloli. Wane namiji ne a ƙasarmu ta Damargu aka taɓa tsayawa a wata ƙasa, gaban baƙi, aka ƙi dutse guda saboda ɗinkinsa? Amma da na sake sauraren saƙon, na kai wurin da Hassana ta ce leɓɓanki sun canja launi, sai na koma na zauna. Na ji tsoro, na ji kunya, na kuma ji ina son ki fiye da yadda ƙirjina zai iya ɗauka. Duk ukun suna nan tare da ni yanzu da nake rubutu.

Bari in tuna miki ko wace ce ke, tunda na ga alamar sanyi ya sa kin fara mantawa.

Ke ce ungozomar da aka tura Tenhya tun kina sabuwar fitowa daga makaranta, inda in babur ya nutse a rairayi sai ki saɓa jakarki ki bi sawun raƙuma har rugar da ake naƙuda. Can kika koyi Buzanci da Fillanci a bakin mata masu ciwo, can kika koyi tafiya. Ranar da ƙungiyar ungozomomi ta kira ki, ta ce an zaɓe ki cikin matan ƙasashe daban-daban da za su hau dutsen Tubkal, don duniya ta tuna da matan da ke taka doguwar hanya da naƙuda kafin su kai gidan likita, ina kallon fuskarki. Ba ki yi tsalle ba, ba ki yi guɗa ba. Kika ajiye wayar a kan tabarma kika ce, "Na san ƙafafun da ake magana a kansu, na sha wanke su." Sannan kika ɗago kika dube ni, kina jiran abin da zan ce. Idanunki a ranar, Radiya, ko taurarin daji da ake gani a hanyar Belbeji ba su kai su haske ba. Ta yaya mutum zai ce a'a ga irin wannan kallo?

Sai kika shiga shiri, ni kuma na shiga kallo. Ƙasarmu a shimfiɗe take, abin da muke kira tudu sai ɗan wanda ke bayan gari. Shi kika mayar da dutsenki. Kika zuba gero a jakar baya, kina ƙara tiya a kan tiya yadda damina ke ƙara nisa. Da an sallame asuba kin fita, ki hau ki sauko, ki hau ki sauko, sannan ki dawo ki yi wanka ki tafi aiki kamar ba abin da ya faru. Manoma suna tsayar da hauya su bi ki da ido. Wani tsoho ya taɓa ɗaga murya ya ce, "Malama, gonar taki a sama take ne?" Kika ce masa, "Eh Baba, ban dai kai gare ta ba tukuna." Ran nan na ce bari in gwada ɗaga jakar nan daga ƙasa, in nuna ni ma namiji ne. Kin tuna yadda na ajiye ta a hankali, na ce dama duba ɗinkin madaurinta nake yi? Kika kau da kai don kada in ga kina dariya. Ko wannan kau da kan ma abin so ne.

Ga kuma takalman nan masu nauyi da aka ce sai kin saba da su tun a gida. Da su kike zuwa aiki, da su kike zuwa kasuwa, har gidan suna kika je da su a ƙarƙashin sabuwar atamfa. Mata suka yi ta ƙus-ƙus, wai matar tela ta shiga soja. Kika tuɓe su a bakin ƙofa, kika jera su tsaf cikin takalman ƙawa na mutane, kika shiga kika ɗauki jaririn da ke kika karɓi haihuwarsa. Ban taɓa ganin mace mai kyau irinki a ranar ba, kuma ni aikina ne duba abin da mata suka sa.

Kin san abin da gari ya ce. Wasu suka ce me mace za ta ɗauko a kan dutse. Wasu suka ce an gama da ni, ba ni da ta cewa a gidana. Manzo mai kilishi, maƙwabcin shagona, kullum sai ya leƙo yana kore ƙudaje ya ce, "Yo Malam Safiyanu, in dutse take so, ga duwatsun Ayar nan bayan Agadas, mi ya kai ta ƙasar Larabawa? Can fa an ce ruwa ma daskarewa yake a cikin buta." Ni ba gwanin baki ba ne, amsa ba ta zuwa mini sai bayan mai magana ya tafi. Saboda haka na amsa da abin da na iya. Na jawo kekena waje, gaban shago, inda duk mai shiga kasuwa zai gan ni. Na shimfiɗa yadi mai kauri, shuɗi irin na rinin baba, na ɗauko almakashi. Duk wanda ya tambaya me ake ɗinkawa, sai in ce rigar hawan dutse ce ta maiɗakina. Kika ce mini a hankali, a gida, cewa masu shirya tafiyar sun ce akwai riguna a can. Ni kuwa na fita gaban jama'a na bugi ƙirji na ce, matar tela ba za ta sa rigar aro ba, kuma a cikin ɗinkina za a ɗauke ta hoto a ƙololuwar dutse. Manzo ya ji, mahauta sun ji, 'yan tasha sun ji. Ke ma kin ji, kika riƙe.

Kin tuna ranar awo? Awonki yana kaina tun kafin aurenmu, tun ranar da kika kawo farar rigar aikinki a rage mata hannu, na karɓa ina kallon ƙasa, na kuma ɓata kwana da kwanaki a kan aikin da bai kai na shan shayi ba, don dai ki yi ta dawowa. Amma a wannan karo da na zagaya mita a kafaɗunki, sai na ga lissafina ya ƙi. Gero da tudu sun buɗe su. Na tsaya riƙe da mita a bayanki, ina jin ƙamshin man da kike shafawa a gashi, na manta lambar da na gani, na sake aunawa, na sake mantawa. Kika ce, "Malam, awo kake ko hira?" Ni ma kaina ban sani ba.

Inna mahaifiyata kuwa, wadda da farko ta ce ita ba ruwanta, ba ta hana ba, ba ta sa ba, sai ga ta da ƙwarya cike da auduga. Da hannunta ta gurje ta, ta shiɓe ta, ta zauna kusa da kekena tana miƙo mini ina cusawa tsakanin yadi da shafi, ina bin ta da ɗinki layi-layi kamar kunyoyin gona. Bakinta yana motsi, na san addu'a take yi. Na yi rigar doguwa har ƙasan gwiwa saboda sutura, na haɗa mata hula mai faɗi da za ta rufe kallabi, na sa mata aljihu a ciki daidai zuciya. Ban taɓa zuba hankalina a kan wani ɗinki kamar wannan ba.

Da aka gama, a tsakiyar zafin kaka, lokacin da ko kare ba ya barin inuwa, kika zo shago kika sa ta. Na ce ki tuɓe mu naɗe a leda. Kika ƙi. Kika ratsa kasuwar Tanut da ita tun daga rumfar mahauta har bakin tasha, a hankali, kina gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, zufa tana zuba daga goshinki kamar an kwara miki ruwa. Kowa ya gane abin da kike faɗa ba tare da kin buɗe baki ba: ga yardar mijina, ga albarkar uwar mijina, mai magana ya zo ya yi. Kasuwa ta yi tsit. Na tsaya a ƙofar shago ina kallon bayanki, na ce a raina, ya Allah, me na yi maka ka ba ni wannan?

To, Radiya, na san abin da kike tsarewa a gindin dutsen nan. Ba yadi ba ne, ba auduga ba ce. Fuskata ce. Kin san hoton ƙololuwa zai zagaya wayoyin Tanut kaf, kin san za a buɗe ido a nemi shuɗiyar riga, kin san dariyar da za a yi a rumfar Manzo in aka gan ki cikin ta aro. Kin gwammace ki rasa dutsen da kika yi damina guda kina nema da a yi wa mijinki dariya ta yini ɗaya. Wace irin mace ce ke? A ina aka dasa irinki, da wane ruwa aka shayar da ke?

Amma ki saurare ni, ni ne tela, ni na san inda ɗinkin ya kuskure. Duk abin da maigidana ya koya mini a sana'ar nan na buɗe wa iska hanya ne: faffaɗan hannu, sakakken wuya, yadin da ke shan zufa. Sanyin da na sani kuwa na ɗari ne, busasshe, wanda mutum zai ƙudundune a bargo ya zauna gaban wuta har hantsi. A ƙasarmu ruwa da sanyi ba su taɓa kwana gida ɗaya ba. Damina da ɗuminta take zuwa, ɗari kuma ko ɗigo ba ya kawowa. Ko a mafarki ban taɓa zaton akwai inda mutum zai jiƙe kuma ya daskare a lokaci guda ba, yana zufa yana rawar sanyi. Inna ma ba ta sani ba, duk kasuwar da ta taru tana yaba kaurin rigar ba wanda ya sani. Muka tara iliminmu na mutanen rairayi gaba ɗaya, muka cusa shi cikin riga, muka ɗora miki a kafaɗa. Na ɗinka rigar mai zama, na ba mai tafiya.

Saboda haka ga roƙona, sarauniyata, ga shi da gwiwa biyu a ƙasa. Ki tuɓe ta. Ki sa wadda dattijon nan ya samo miki, ko wane irin launi gare ta, ko ɗinkinta ya karkace, ko inji ne ya yi ta ba hannun mutum ba. Da bakina na ɗaure ki a gaban jama'a, da hannuna nake kwance ki yau. Yardata ba a cikin auduga take ba, balle ruwa ya jiƙa ta. Ke da kanki kin sha gaya mini cewa cibiyar da ta ciyar da jariri a ciki ita ce abu na farko da kike yankewa in ya fito, kuma ba ki taɓa yin jinkiri ba. Rigar nan ta yi aikinta. Ta rufe bakin kasuwa, ta fitar da ke daga Tanut da kai a sama, ta raka ki Yamai, ta hau jirgi tare da ke. Iyakarta ke nan. Daga nan gaba, in kika riƙe ta, cutar da ke za ta yi.

Kada kuma ki ce Inna. Na je na same ta kafin in fara rubutun nan, tana tsince wake a tsakar gida, na zayyana mata komai. Ta ɗago ta harare ni kamar ni kaɗai na cusa audugar, ta ce, "Yo auduga ce ta yi addu'ar ko ni? Ka ce ma ɗiyata ta cire abin nan ta hau. In ta dawo ba ta hau ba, ni da ita ne." Kin dai san Inna, in ta ce ni da ke ne, to gara dutsen.

Dariyar Manzo kuwa ki bar mini ita, rabona ce, ni na saya da bakina. Da na tura miki takardar nan zan leƙa rumfarsa in gaya masa da kaina, tun kafin hoto ya iso, cewa ɗinkina ya faɗi a gindin dutse amma matata ba ta faɗi ba. Ya yi dariya har ya ƙware. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki dawo ki zauna a gabana kina murmushi, kina cewa ba komai, alhali ni na san ni ne na tare miki hanya. Wanda ya fi wannan muni kuwa, ki hau da jiƙaƙƙiyar riga a wayi gari a kira ni a waya, ba na ma son alƙalamina ya ƙarasa shi.

Shekaranjiya kin turo mini ƙarar rafin da ke ratsa ƙauyen, kika ce, ji ruwa yana gudu shi kaɗai, ba mai ja, ba mai layi, ba mai faɗa a kansa. Kika ce mutanen wurin ma aman suke ce wa ruwa kamar Buzayenmu, har wata tsohuwa ta rungume ki da kika roƙe ta ruwa da harshenta. Na ji farin ciki a muryarki irin wanda ban taɓa ji ba, kuma na yi kishin dutsen, ba zan ɓoye miki ba. Amma ina so ki ga ƙarshensa. Ina so gobe da safe, in an ɗaure wa alfadarai kaya, ayari ya miƙe, a ga 'yar Damargu a cikin na gaba, da takalman sojanta da kafaɗun da gero ya gina. Ina so ki taka ƙanƙara ki gaya mini yadda take ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Ina so ki tsaya inda babu sauran wurin hawa, ki juyo kudu, ki kira sunayen matan Tenhya da kika wanke wa ƙafafu. In numfashi ya ragu, nawa sunan ki bar shi sai kin sauko.

Rigar kuwa, kada ki yar da ita, kada kuma ki ji tausayinta. Ki ba matar gidan da kuka sauka ta shanya miki ita a rana, ta naɗe ta ajiye. In kin sauko, kin yi wanka, kin zauna gaban wuta ƙafafu a miƙe, a nan ne za ki san mijinki ya iya ɗinki. Rigar mai jira ce, Radiya. Ta jira ki a gindin dutse, ni in jira ki a Tanut, aikinmu ɗaya ni da ita, kuma shi kam mun iya shi. Ke ki hau.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya sauko mini da ke lafiya.

Naki ne ni, ke kaɗai, yau da gobe da jibi, har ranar da wani telan zai yanka mini farin yadi,

Mijinki,
Safiyanu